Ruwa da Ƙwarin Itace: Tsokaci Kan Ban Ruwan Dashe a Ƙasar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Kankiya da Kusada damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Daga ƙarshen Satumba, ko farkon Oktoba in Allah ya yi shekarar da albarka, sai sama ta ɗauke, ba a sāke ganin ɗigonta sai Mayu ko Yuni. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a tsakiyar bazara, ya wuce Yashe ya doshi Kankiya, ba zai ga ɗanyen ganye ba sai a wuri biyu: bakin fadama inda ake noman rani, da kan manyan itatuwan da suka daɗe da kafuwa. Dashen da aka yi a daminar da ta wuce kuwa, yawancinsa ya zama tsinke.

Ganin haka ya sa ra'ayi ya yaɗu tsakanin manoma da wasu ma'aikata cewa maganin abin shi ne a ba dashe ruwa kamar yadda ake ba tumatir da albasa. Tun da akwai ƙananan madatsun ruwa irin na Kusada da Kafin Soli, ga kuma injinan ban ruwa da suka cika fadamu tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990, me zai hana a kafa gonakin itatuwa masu saurin girma, a yi ta kwarara musu ruwa rani da damina, cikin 'yan shekaru a sami katako? Maganar tana da daɗin ji, kuma ba a rasa gaskiya a cikinta ba.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a nuna cewa ruwa ya kan sa itace ya yi tsawo da kauri da wuri, amma shekaru ne ke ba shi ƙwari. Saboda haka ruwan rani na wannan yanki, wanda ba shi da yawa, ya fi dacewa a kashe shi wajen rainon dashe har ya kafu a yaye shi, maimakon a yi ta turo itace da ruwa ana jiran katakon da ba zai biya bukatar masassaƙi ko magini ba.

Yadda Itace ke Yin Jiki

Kafin a shiga gardama, ya kamata mai karatu ya san yadda itace ke ƙara jiki. Tsakanin ɓawo da ainihin itace akwai wani siririn shimfiɗi mai danshi, wanda a kan ji santsinsa in an saɓule ɓawon ɗanyen reshe. Daga nan ne sabon itace ke fitowa, zobe bisa zobe, kamar yadda ake naɗa rawani. In ruwa ya wadata, wannan shimfiɗi ya kan yi aiki ba hutawa, zoben ya fito da faɗi. In ruwa ya yanke sai aikin ya ja baya ko ya tsaya, zoben ya fito siriri. Wannan ne dalilin da ya sa bishiyar da ke bakin rafi ta kan riga 'yar'uwarta ta kan tudu kauri, ko da rana ɗaya aka dasa su.

Jikin itace kuwa haɗin ƙananan bututu ne da zaruruwa waɗanda ido ba ya rarrabe su. Bututun su ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, zaruruwan su ke riƙe nauyin bishiya. In bangon zaruruwan nan ya yi kauri, ramin cikinsu ya ƙanƙance, sai itacen ya yi nauyi da tauri. In bangon ya yi siriri sai itacen ya zama sakayau.

Akwai abubuwa biyu da ruwa ba ya iya gaggauta su sosai. Na farko, zoben da bishiya ta yi a shekarunta na farko, watau itacen ƙuruciya, zaruruwansa gajeru ne, ƙarfinsa bai kai na wanda ke biyo baya ba, kuma ya fi saurin kantarewa da tsagewa in ya bushe. Bishiya ta kan ɗauki shekaru masu dama, wata goma, wata har ashirin, kafin ta fara yin itacen manyanta. Na biyu shi ne jan ciki. Duk wanda ya ga an sare tsohon maɗaci ko ƙirya ya san tsakiyarsa ja ne ko baƙi-baƙi, gefensa kuwa fari. Farin gefen nan shi ne sashen da ruwa ke bi, yana ɗauke da abincin da gara da ƙwari ke so. Jan cikin kuwa tsohon itace ne da ya daina ɗaukar ruwa, bishiyar ta cika shi da ƙaro da wasu sinadarai masu ɗaci da ke korar gara. Sai bishiya ta manyanta jan cikin nan ke yin faɗi.

To, ga inda matsalar take. Bishiyar da aka tura da ruwa ta kan kai kaurin sarewa tana da shekara shida ko bakwai, alhali 'yar'uwarta ta tudu sai ta yi ashirin. Ido zai ga gungume biyu masu kauri ɗaya. Amma na farko kusan dukkansa itacen ƙuruciya ne da farin gefe, na biyu kuwa ya tara jan ciki. Laifin ruwan shi ne ya kai bishiyar bakin gatari tun ba ta nuna ba.

Darasi Daga Bishiyar Fofla

Babu bishiyar da aka fi gwada ban ruwa a kanta kamar wadda Turawa ke kira fofla. Doguwa ce, miƙaƙƙiya, mai son bakin kogi, kuma tana cikin itatuwan da suka fi saurin girma a ƙasashe masu sanyi. Ba ta dace da ƙasar Hausa ba, domin tana bukatar lokacin sanyi mai tsanani da za ta zubar da ganye ta huta. Duk da haka labarinta yana da amfani ga mai tunanin kafa gonar itace a bakin dam.

A kwarin kogin Fo da ke arewacin Italiya an daɗe ana noman fofla kamar yadda ake noman hatsi, a sare ta bayan kimanin shekara 10. A arewacin Indiya kuwa, a jihohin Funjab da Haryana da yammacin Uttar Faradesh, kamfanin ashana na WIMCO ya shiga yaɗa ta ga manoma tun wajejen shekarun 1970 da 1980. Manomi ya kan dasa ta layi-layi a cikin gonar ban ruwa, ya shuka alkama a ƙarƙashinta lokacin sanyi sa'ad da ta zubar da ganye, ya sare ta bayan shekara 6 zuwa 8. Garin Yamunanagar ya zama babbar kasuwar falankin manne saboda wannan itace.

Binciken masana gandun daji a kan fofla ya nuna cewa ban ruwa yana ƙara mata girma ƙwarai da gaske, nauyin itacenta kuwa ko dai ya ɗan ragu ko ya tsaya kusa da yadda yake. Wannan bai dami manoman Indiya ko na Italiya ba, saboda dama can fofla itace ne marar nauyi: gungumen da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri bai fi kilo 400 ba in ya bushe, alhali irinsa na ƙirya ya kan kai kilo 900 ko fiye. Abin da ake yi da ita shi ne tsinken ashana, da falankin manne, da akwatin kayan marmari, da takarda. Duk waɗannan sana'o'i farin itace mai laushi suke so, wanda wuƙar inji za ta fere ba wahala. Watau sun fara samun mai saye, sa'an nan suka zaɓi bishiyar da ta dace da shi, sa'an nan suka ba ta ruwa. Kuma ruwan da suke ba ta na alkama ne, fofla ta raɓa ta sha.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙasar Sin. A 1978 gwamnatinta ta fara gagarumin shirin kafa katangar itatuwa a arewacin ƙasar don tare hamada, aka dasa fofla da yawan gaske domin saurin girmanta. Shekarun farko abin ya yi kyan gani. Daga baya, a wurare masu ƙarancin ruwa irin wasu sassan lardin Hebei, ruwan ƙasa ya yi nisa, itatuwan suka shiga bushewa daga sama, ƙwaro mai huda itace kuma ya sami abinci iri ɗaya shimfiɗe gabansa, ya yi ɓarna mai yawa. Bishiyar da ta saba da ƙoshi ba ta jure yunwa.

Darasin a bayyane yake. Gonar itace ta ban ruwa ta kan yi riba inda ruwa ya yi yawa kuma akwai masana'antar da ke bukatar itace mai laushi. A Kankiya da Kusada kuwa ruwan kaɗan ne, kuma masu sayen itacen ƙwari suke nema.

Abin da Masassaƙa Suka Daɗe da Sani

Bahaushe bai jira masana sun gaya masa bambancin girma da ƙwari ba. Kuka ta fi kowace bishiya kauri a ƙasar Hausa, amma ba a taɓa jin wanda ya sassaƙa turmi da ita ba, domin cikinta kamar soso yake, ruwa ne ya cika shi. Gwanda ta kan wuce tsawon mutum cikin shekara guda, amma yaro ma zai iya kayar da ita da adda. Zogale haka. Rimi, wanda garin Rimaye na ƙasar Kankiya ke ɗauke da sunansa, shi ne ya fi kama da fofla a wannan ƙasa: dogo, mai son danshi, mai saurin girma, itacensa fari sakayau, ba ya jure gara.

In masassaƙi zai yi turmin da za a gada, ƙirya ya kan nema, kuma gawayinta ne maƙeri ya fi so a zuga. Marke a kan yi ƙota da gofa da shi. Aduwa ita ce ta allo. Maɗaci na katako ne da kujera. Magini kuwa azarar giginya ya sani, ita ma ta tsohuwar giginya, domin baƙin gefenta mai tauri sai ta shekara da yawa yake yi, kuma shi ya sa ake samun soron da ya haura shekara ɗari azararsa ba ta motsa ba. Duk waɗannan itatuwa sannu suke girma. Masassaƙi ya kan ƙwanƙwasa gungume da gizago ya saurari amonsa, ya duba launin cikinsa, ya tambayi inda aka saro shi, kafin ya yi ciniki. Abin da yake aunawa da kunne da ido shi ne abin da masana ke aunawa da sikeli.

Itatuwan da shirye-shiryen dashe suka fi yaɗawa kuwa baƙi ne. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, asalinsa daga yankin Indiya ne, an shigo da shi Barno a 1928, daga nan ya bazu. Turare, ko zaiti, daga Ostareliya yake. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 hankalin hukuma ya koma kan kwararowar hamada, kuma a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da taimakon Tarayyar Tattalin Arzikin Turai. Bedi da turare su ne ƙashin bayan shingayen tare iska na wancan zamani. Ba za a raina amfaninsu ba. Bedi ya ba garuruwa inuwa, tsohonsa kuma yana da jan ciki mai kyau wanda kafintoci ke aiki da shi. Tsohon turare ma itace ne mai nauyi. Amma turaren da aka sare yana ɗan shekara biyar wani abu ne dabam: ya kan tsage daga baki tun ranar da aka kayar da shi, ya kantare in ya bushe, in kuma an kafa shi a ƙasa gara ba ta barin sa ya yi damina da yawa.

Lissafin Ruwa

Ko da a ce ban ruwa ba ya taɓa ingancin itace ko kaɗan, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, watau ruwan wa za a ba bishiyar? Lissafin ba shi da wuya. Ruwan da zurfinsa ya kai milimita 1 a kan hekta guda, lita 10,000 ne. In an ɗauka cewa gonar itacen da ta rufe ƙasa da ganye tana shan milimita 5 a rana lokacin rani, wanda ba ƙari ba ne a zafin wannan ƙasa, to kullum hekta ɗaya za ta sha lita 50,000, watau duro 250 na lita 200. A cikin wata bakwai na rani, kwana 210 ke nan, abin ya kai lita miliyan 10 da rabi. Wannan ya ɗara duk ruwan saman da ke sauka a kan hektar nan a damina guda. Kuma haka za a yi ta yi kowace shekara har ranar sara.

A kwatanta da rainon dashe. In an ba da tazarar mita 3 tsakanin dashe da dashe, hekta za ta ɗauki kimanin guda 1,100. In kowanne ya sami lita 20 a mako, mako 30 na rani, lita 600 ke nan, jimlar hektar kuwa lita 660,000. Watau ruwan da zai ciyar da hekta ɗaya ta manyan itatuwa rani guda zai raini dashen hekta 15 ko fiye. Rainon nan kuma na rani ɗaya ne ko biyu, daga nan sai yaye.

Ƙananan madatsun yankin ba su da rarar da za su ɗauki nauyin na farko. Rana da iska su kaɗai su kan kwashe abin da ya kusa mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara a wannan shiyya, yashi da laka kuma suna cike cikinsu kowace damina. Abin da ya rage mutane ke sha, makiyaya su shayar, masu lambu su yi tumatir da albasa da tattasai da alkama, waɗanda ke kawo kuɗi cikin wata uku ko huɗu. Akwai kuma babbar madatsa ta Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, mai iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 170 na awon ciki. Ita ma ta yi shekaru da yawa ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba, sai a 2021 aka buɗe wani kashi na aikin ruwan shanta. Jama'ar da ta jira ruwan sha tsawon wannan lokaci ba za a ce mata ta ba turare fifiko ba.

Akwai ƙarin illa biyu. Bishiyar da ake yayyafa wa ruwa kullum a sama ba ta wahalar da kanta wajen tura saiwa ƙasa, sai ta shimfiɗa ta kusa da fuskar ƙasa. Ranar da inji ya lalace ko man fetur ya yi tsada, ƙishi zai kama ta nan da nan, iskar farkon damina kuma ta tuge ta. Sa'an nan in ana malala ruwa a ƙasar da ba ta tsanyewa, rana ta kan busar da shi ta bar kanwa da gishiri a sama, har ƙasar ta mutu. Game da shan ruwan turare kuwa, ya isa misali cewa a Afirka ta Kudu dokar ruwa ta 1998 ta sa gonakin itace na kasuwanci cikin ayyukan da ke rage gudun rafi, sai da lasin ake kafa su.

Hujjar Masu Neman Sauri

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Za su ce manomin da ke neman na cefane ba zai jira ƙirya shekara arba'in ba. Za su ce itacen girki ya yi tsada, gawayi ana lodinsa zuwa birane, kuma muddin ba a samar da itace mai saurin girma ba, gatari zai ci gaba da bin marke da ƙiryar da suka rage. Za su ƙara da cewa ba kowane aiki ne ke bukatar jan ciki ba: masu ginin bene suna sayen sandunan tokare siminti, masu rumfa suna sayen gofa, kuma turaren shekara huɗu ko biyar ya ishe su. Bugu da ƙari, in an sare turare ya kan sāke tohowa daga kututture, a sāke sara.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a daina dashen turare ko bedi. Abin da ake cewa shi ne a san sunan abin da ake nomawa. Mai noman sandar gini da itacen wuta ya san sanda yake nomawa, ya yi lissafinsa a kan kuɗin sanda, ya ga ko za ta biya masa man inji na wata bakwai kowace shekara. Mafi yawan lokaci ba za ta biya ba, sai fa in bishiyar ruwan banza take sha, irin wanda ke tsiyaya a ƙasan madatsa ko gefen kwalbatin ban ruwa. Abin da ba shi da kyau shi ne a sa talaka ya zuba dukiyarsa da alkawarin katako mai tsada, ran da ya kai kasuwa kafinta ya duba ya ce wannan ɗanye ne. Sauri ya haifi nawa.

Game da matsin da ke kan itatuwan gida kuwa, maƙwabta sun nuna wata hanya. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983 zuwa 1984, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka shiga yaɗa abin da ake kira sassaben zamani. In manomi zai yi sassabe, maimakon ya ƙone duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututtura, sai ya zaɓi miƙaƙƙe ɗaya ko biyu ya bari, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta kai ga ruwan ƙasa tun shekaru aru-aru, tohon ya kan girma da sauri ba tare da an ba shi ko moɗa guda ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, inda ruwan sama bai kai na Kankiya ba. Rassan da ake datsewa kuma su ne itacen girkin gida.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, a ware wa kowane itace wurinsa gwargwadon aikin da ake so ya yi. Turare da makamantansa a tsayar da su inda ruwa ke tsiyaya a banza, nesa da rijiyoyin sha da bakin lambu, a noma su da niyyar sanda da itacen wuta. Bedi ya tsaya a bakin hanya da makarantu da kasuwanni da shingen gona, a bar shi ya tsufa in ana son katakonsa. A cikin gonakin tudu kuwa a ba gawo haƙƙinsa. Shi ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero da dawa rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina yabanya. Abin da manomin Funjab ya samu a wurin fofla da alkama, manomin Kusada yana da irinsa tun kaka da kakanni ba tare da ban ruwa ba.

Na biyu, a mai da ban ruwa raino. A yi dashe da zarar damina ta zauna, cikin Yuli, don saiwa ta sami wata biyu ko uku tana bin danshi ƙasa. Da rani a ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, sau ɗaya ko biyu a mako, domin ya nutse ya ja saiwar ƙasa, ya fi a riƙa yayyafi kullum. A yi wa dashe gurbi, a rufe gindinsa da ciyawa ko kara, amma a ɗan janye su daga jikinsa saboda gara. Inda ruwa ya yi wuya a binne tulun da ba a shafe ba kusa da gindin, a cika shi a rufe bakinsa, zai yi ta naso a hankali ba tare da rana ta sha rabonta ba. A rani na biyu a rage, a na uku a yaye. Kuma a tuna akuya ta kan kashe dashen da ƙishi ya bari, don haka kuɗin kariya yana gaba da kuɗin inji.

Na uku, a sauya ma'aunin nasara. An saba a bikin dashen itatuwa na shekara-shekara a faɗi yawan abin da aka dasa, ba a cika jin yawan abin da ya rayu ba. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Ya dace wannan hukuma da ma'aikatan gandun daji na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su riƙa ƙidaya dashe bayan rani na uku, su bayyana wa jama'a, kuma a saka wa mai raino gwargwadon abin da ya tsira a hannunsa.

Na huɗu, a sa ƙirya da marke da maɗaci da aduwa da giginya cikin lambunan rainon dashe, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne. Wanda ya dasa su ba lalle ne ya ci moriyar katakonsu ba, kamar yadda waɗanda suka bar wa mutanen yau ɗorawa da tsamiya ba su duka suka ga amfaninsu ba. Filayen makarantu da makabartu da masallatan idi da burtali sun dace da wannan, tun da ba mai gaggawar sare su.

Na biyar, a tambayi masu sana'a kafin a zaɓi iri. Sarkin Sassaƙa da Sarkin Maƙera da magina da kafintocin kasuwa su ne za su sayi itacen, su ne kuma suka san wanda ke tsagewa da wanda gara ke ci. A nan akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa. Sunayen itatuwa, da kalmomin da masassaƙa ke bayyana taurin itace da amonsa da launinsa, da lokacin da suka fi son a yi sara, ilmi ne da ke tafiya tare da tsofaffin da ke riƙe da shi. Tattara shi a rubuce zai amfani mai nazarin harshe, ya kuma amfani malamin daji.

Kammalawa

An ga yadda ruwa ke gaggauta kaurin bishiya ya bar ƙwarinta a baya, da yadda fofla ta yi riba inda aka haɗa ta da ruwa mai yawa da masana'antar da ke son laushinta, ta kuma gaza inda ruwan ya yanke. An ga cewa ruwan da hekta ɗaya ta manyan itatuwa za ta shanye a rani guda zai raya dashen hekta 15. Ƙasar Kankiya da Kusada tana bukatar inuwa da itacen wuta da sandar gini a yau, tana kuma bukatar turmi da ƙota da azara nan da shekara arba'in. Ruwan madatsunta ba zai iya ɗaukar duka ba in aka bi hanyar turo itace, amma zai isa in aka tsaya ga raino da yaye, aka bar wa saiwa sauran aikin. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba shugabanni da manoma ikon yin abin da jikoki za su gode musu a kansa, amin.